Shirwa, Balbela da Kazar Yaya Haladu

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa a Kibiya, Allah Ya jiƙansa. Malamin lissafi ne a Rano. Ni kuwa ƙaninsa ne, manomi a Kahu, wanda in ya ga ɓera da safe, kafin azahar ya mai da shi giwa a bakinsa.

Farkon dawowar mulkin farar hula na samo sabon irin gyaɗa. Ta yi kyau, har na riƙa faɗa a majalisa cewa ƙwaya ɗaya sai ƙarti biyu sun kama. Maƙwabtana suka yi shirin rabuwa da tsohon irinsu su bi ni.

Yaya ya zo ya zaga gonar, ya ce, "Bala, wace dabba ce ta yi maka binciken nan?"

Ya ce masu binciken ƙididdiga iri uku ne. Akwai shirwa, wadda ke leƙo gari sau ɗaya daga sama, ta ƙirga abin da ta gani ran nan, ba ruwanta da jiya. Akwai balbela, tana bin garke shekara da shekaru tana lura, amma ba ita ke zaɓar wa saniya ciyawa ba. Sai kaza, mai sa ƙafa ta tona da kanta. Ita ce ke da bakin cewa wannan ne ya jawo wancan.

"To ni wacce ce a ciki, Yaya?"

"Kai zakara ne, sai cara. Ba a nan Fulani suka yi rani da shanunsu ba? Iri ne ya yi aiki, ko kashin shanu?"

Da damina ta zagayo ya sa na yi aikin kaza. Gona ɗaya, taki ɗaya, ƙuri'a ce ta raba wa kowace kunya irinta, sabo ko tsoho. Da kaka muka tara tsibi biyu, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Gida-gida na bi ina cewa kowa ya riƙe irinsa. Na sha dariya, amma ba wanda ya yi asara a kan bakina.

Yau ko'ina ka juya, rediyo ne ko waya, sai "bincike ya nuna". Da yana nan, na san da ya rage muryar rediyon ya tambayi wace dabba ce ta yi binciken.

Bai bar littafi ba. Amma bana wani mai tallar takin ruwa ya roƙe ni in yaba masa kayansa a majalisa, na ce ya dawo da kaka, sai na yi aikin kaza tukuna. Ni da bakina ba ya jiran gari ya waye, ga ni ina jiran gyaɗa ta nuna.