Kibiyar da Ke Kallon Baya

Ranar wata Asabar ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamaren Faskari. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, ni kuma ina tsugune a gindin dalbejiyar Malam Ɗahiru mai faci ina kallon motar Baba a kan jak. An kwance tayoyinta huɗu an jingine su da bango, kuma a duk cikin mazan da ke wurin babu wanda ya san tayoyin nan kamar ni, don kullum da safe ni ke wanke su.

Baba direba ne, yana jigilar mutane da buhunan masara tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mata huɗu aka haifa masa a jere kafin namiji ya zo, ni ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ƙannena na da sharar tsakar gida da ba awaki dusa, ni kuwa kafin in ɗauki jakar makaranta sai na ciko bokiti a rijiya na durƙusa gaban mota da soso. Sa'o'ina suna yi mini tsiya a filin gaɗa, wai tafin hannuna ya yi kaushi kamar na maƙeri. Ko a jikina. A wurin wankin nan Baba ya koya mini auna sauran kwanan taya da tsinken ashana: a cusa kan ashanar cikin zanen tayar, in ya nutse to da sauranta, in ya leƙo waje to ta kusa zama takalmi ko guga. Yakan ce, "Duk girman mota, da tafin hannu huɗu take dafa ƙasa." Shi ya sa duk bayan 'yan watanni yake kai ta a juya tayoyin, ta gaban hagu ta koma bayan dama, ta gaban dama ta koma bayan hagu, don kada wata ta riga wata cinyewa.

A bazarar shekarar nan ya sayo wasu tayoyi na gwanjo masu zane kamar sawun kaza. Ina wanke su na ci karo da wata 'yar kibiya a gefen kowace, duk suna nuna gaba. Da na tambaye shi sai ya yi dariya har da tafi, ya ce idona ya fi na dillali. Ya bayyana mini cewa zanen yana kore ruwa daga ƙarƙashin taya ne idan tana juyawa inda kibiya ta nuna, don haka irin waɗannan ba a tsallakar da su daga hagu zuwa dama, gaba da baya kawai ake musanya su a ɓangare ɗaya. Na riƙe maganar nan kamar haddar allo. Gani nake sirri ne tsakanina da ubana.

To, ranar Asabar ɗin nan Malam Ɗahiru ya juya su yadda ya saba, a gicciye. Dattijo ne mai furfura, shi ya koya wa Baba tuƙi tun yana saurayi, kuma ban taɓa ganin Baba ya zauna benci ɗaya da shi ba. Da aka sauke jak na zagaya motar ina dubawa, sai idona ya sauka kan kibiyoyin. Na ce da ƙarfi, don a ji gwanintata, "Baba, kibiyoyin duk sun juya, baya suke kallo!" Masu dara a gefe suka ɗago. Malam Ɗahiru ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam Isa, bokon nan ya fara yi ma ɗiyar nan taka yawa. Tun ba a haife ta ba nike juya taya." Aka kwashe da dariya. Na dubi Baba ina jira ya ce gaskiyarta, ai shi ya koya mini. Bai ko kalli tayar ba. Ya ce, "Ke yarinya, mi kika sani? Tashi ki wuce gida."

Ke yarinya. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na bi ta bayan gonar gero don kada a ga hawayena, ina ba kaina haƙuri da cewa mantawa ya yi, mutum ne mai abubuwa da yawa a ka. Kwana biyar ina wanke kibiyoyin nan suna kallon baya. Ranar Alhamis, yana dawowa daga Sabuwa cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar ta sulale a wata kwana ta faɗa gonar wani. Fasinjoji suka fita da ƙurjewa, Baba ya karye a hannu. Ko kibiyar ce ta ja, ko santsin hanya, Allah ne masani. Masu zuwa dubiya, har da Malam Ɗahiru, kowa ya ce ƙaddara, Baba ya ce haka ne.

Abin da nake jira ba shi da yawa. Ina kai masa fura, ina kore masa ƙuda daga ɗorin hannun, ina sauraren ranar da zai ce, Uwata, ashe kin yi gaskiya. Wata la'asar ina bayan danga ina tsinkar zogale na ji Inna tana ce masa, "Malam, da ka duba maganar yarinyar nan." Sai na ji ya ce, "Ai tun kafin ta buɗe baki na gani. To mi zan yi? In kunyata mutumin da ya ɗora hannuna kan sitiyari, gaban jama'a? Na ce in na samu sarari a Ƙanƙara sai in sa a maida su, Allah bai nufa ba." Na tsaya da reshen zogale a hannu. Ashe bai manta ba. Ya auna kunyar Malam Ɗahiru da tawa, ya ga tawa ta fi sauƙin zubarwa. Kara ya yi wa dattijo, ni aka yanka aka yi karar da ni. Na ji ciwon wannan fiye da dariyar masu dara, kuma daga ranar na bar wa ƙanwata soso da bokiti. Ya ci gaba da kirana Uwata, ina amsawa, amma ban sake kawo masa wani abu da idona ya gano ba.

Yau Baba ya daɗe da rasuwa, dalbejiyar an sare ta, hanyar Sabuwa kuwa mutane sun daina tsoron santsinta, wani tsoron ya danne wannan. Ina koyarwa a Ƙanƙara, kuma na girma har na gane nauyin da ke kan mutum a gaban wanda ya koya masa sana'a. Na yafe masa tuni, ina ma kewar ƙamshin man inji a rigarsa. Amma har gobe in na wuce motar da aka ajiye sai idona ya sauka kan taya yana neman kibiya, kuma in ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu a aji ta ce, "Malama, kin yi kuskure," ba na cewa komai sai na juya na dubi allon tukuna.