Suna Ɗaya a Saman Takarda

Wani tsoho mai shara ya tsaya da tsintsiyarsa yana kallon wata siririyar mata mai farar rigar ɗakin gwaji. Tana gaban allon sanarwa, ido jajur, tana bin zanen da ke jikin wata takardar bincike da yatsa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Baba, wannan wani sinadari ne, inzayim. Shi ke haɗa maiƙo yana gina fatar kowace ƙwayar halitta a jikinka. Shekara shida ina bincikensa."

Karatun tsohon bai yi nisa ba, amma ya ga suna ɗaya ne a saman takardar, kuma na namiji ne. Wataƙila malaminta ne, wanda take rusuna wa kullum.

Ba ta yage takardar ba. Ta miƙe gefen da ya lanƙwashe, ta koma bakin aikinta.