Ofishin Shawara Yana Saman Bene

Muna gab da gama ƙaramar sakandare aka ce kowa ya je wurin malamin shawara, ya zaɓi ɓangaren da zai bi. Makarantarmu tana Mayo Gwoi, ofishin malamin kuwa yana saman bene. Ni shan-inna ta taɓa mini ƙafar hagu tun ina goye, da sanduna biyu nake tafiya. Na jingine su a ƙasa, na hau da hannu da gwiwa, 'yan ajinmu suna tsallake ni suna ce mini sannu.

Na shiga ofishin, siket ɗina duk ƙasa. Malamin ya nuna mini kujera.

"Me kike so ki zama?"

"Mai haɗa magani, Malam. Kimiyya nake so."

Takardar sakamakona tana gabansa, ni ce ta biyu a kimiyya a duk ajin. Ko buɗe ta bai yi ba. Ƙafata ya kalla.

"'Yata, mu gaya wa juna gaskiya. Ɗakin gwaji a sama yake, kuma a tsaye ake aikin. Irinku ɗinki ya fi muku. Har kyauta ake raba muku keken."

Na ce, "Malam, ai keken ɗinki da ƙafa ake taka shi."

Ya yi dariya, ya ce bakina ya yi kaifi. Ina kallo ya rubuta sunana a ajin adabi, ya kira na gaba. Kalmar nan "irinku" har yau ban manta ta ba.

Mahaifina, da muke kira Baaba, dillalin shanu ne a kasuwar Iware, bai taɓa zama a aji ba. Da na gaya masa, washegari ya fasa zuwa kasuwa, muka hau keke napep sai ofishin shugaban makaranta.

"Kun gwada ta ne ta kasa?" in ji Baaba.

"Alhaji, an riga an tura sunaye."

"To ku sauko da ɗakin gwajin ƙasa mana."

Shugaban ya ce a yi haƙuri, ba a hannunsa abin yake ba. Baaba ya juya zuwa Fillanci yana faɗa har masinja ya leƙo. Ba abin da ya canza.

Shekara uku na yi a ajin da ban zaɓa ba, ina jin 'yan kimiyya suna jan kujeru a saman kaina. Da na gama, Baaba ya sa ni darasin yamma a Abbare, na fara kimiyya daga tushe tare da sa'o'in ƙannena. Sau biyu na zauna jarrabawa kafin na samu shiga kwalejin kiwon lafiya.

Yanzu ina ba da magani a wani ƙaramin asibiti a nan Jalingo, a zaune kan doguwar kujera. Ba a taɓa mayar mini da magani don na ba da shi a zaune ba. Jami'a dai ta wuce ni, a mataimakiyar mai haɗa magani na tsaya.

Baaba ya rasu wata huɗu kafin takardar kammalawata ta fito. Da ba a cinye mini shekarun nan ba, da ya riƙe ta a hannunsa. Innata kullum cewa take in yafe, komai rubutacce ne. Na yarda da ƙaddara. Amma na ga hannun da ya riƙe biron, kuma ban yafe ba tukuna.