Bakan Yaya Tanko Ba Zai Koma Zariya Ba

Daminar bana ta cika shekara shida da muka binne Yaya Tanko a ƙauyenmu, kusa da Kurmin Kogi. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma maharbi ne da aka sani daga Ikara har Makarfi. Ya tafi bai ga mulkin kai ba, bai ga ajin yaƙi da jahilcin da ya sa yau ni manomi nake rubuto wa jarida da hannuna ba. Baka ɗaya da kwari ya bar mini, kuma a kansu ne ake ce mini mai taurin kai.

Ban koyi harbi da ƙuruciya ba. Ina da mata da 'ya'ya biyu mugun dawa, wato gadu, ya shigar mini masara, cikin mako guda ya kwantar da rabin gona. Na je wurin Yaya ina huci, na ce ya ara mini baka. Ya ɗauko, ya nuna mini igiyar jikinsa ya ce, "Mene ne sunan wannan?" Na ce igiya. Ya ce, "Koma gida, Sale. Kai da ba ka san tsirkiya ba, ƙafarka za ka fara harba kafin mugun dawa." Shi ya je ya tsare mini gonar, ni kuwa ya sa ni karatu.

Da sunaye muka fara. Baka shi ne icen, nasa na dargaza ne, ya yi baƙi saboda shan mai da gumin hannu. Tsirkiya fata ce da ake jiƙawa a murɗa, a busar a inuwa. Sandar kibiya kyauro ce, kanta ƙarfe, wani maƙeri a Hunkuyi ke ƙera masa. 'Yan ƙayoyin da ke gefen ƙarfen su ne kunnuwa, su ke hana kibiya fita idan ta shiga. Kwari kuwa gidan kibau ne, kullum a rufe, a rataye can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin akwai masu dafi a ciki. Wata uku ina harbin kututturen gwanda da kyauro tsura, ba ƙarfe, matan gida suna mini dariya. Sai da na iya ɗana kibiya ba tare da na duba hannuna ba ya ba ni mai kai.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita: in an gama aiki a sassauta tsirkiya. Baka ba ya yini a ɗame sai in za a yi harbi, kuma ba a barin sa a rana ko a ruwa.

Bara wani ma'aikaci ya zo daga Zariya a mota, yana tara kayan gargajiya don nuni a bikin zagayowar ranar 'yanci. Aka nuna masa gidana. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce duniya za ta ga sunan Yaya a rubuce. Wannan kalma ta sa kaina ya kumbura. Na cire kibau masu dafin na miƙa masa bakan da kwarin, ban ko gaya masa dokar ba. Laifina ne, ba na ɓoyewa.

Masu shirya nunin kuwa a ganinsu baka ba ya kyau sai a ɗame. Suka ɗame shi tam, suka rataye a jikin allo a fili, ya yi kwanaki yana shan rana da yayyafi. Da aka dawo mini da shi icen ya karkace, tsirkiyar ta tsinke biyu, an ƙulle ta da zaren buhu. Ita ce ta ƙarshe da Yaya ya murɗa da hannunsa, yana tari, wata biyu kafin rasuwarsa. Ban yi kuka ranar jana'izarsa kamar yadda na yi a kan fatar nan ba.

Nakan tambayi kaina, da yana raye me zai ce da wannan zamani? Ba na jin zai ƙi shi. Zai so ganin tutarmu, zai so rediyo don shi ma'abocin labari ne. Samarin da ke sayen bindigar toka suna cika daji da ƙara, su kori naman da ba su samu ba, waɗannan zai yi musu ba'a son ransa. Abin da ba zai haɗiye ba shi ne a ce bakansa ya zama abin kallo, a rubuta a ƙarƙashinsa cewa da irin wannan mutanen da suke farauta. Mutanen da? Ni da ke wannan rubutu da shi nake tsare masarata, kuma ban mutu ba.

Na shafe icen da man kaɗanya, na riƙa gasa shi sama-sama ina miƙarwa har ya dawo. Tsirkiya uku na murɗa suna tsinkewa, ta huɗu ta zauna. Ba ta kai tasa ba, amma tana aika kibiya inda na ce. A nan na gane abin da ya bar mini ya fi ice da fata: hannuna ya riƙe abin da na zaci na manta. Yanzu magidanta uku suna zuwa wurina ranar Juma'a bayan masallaci, suna harbin gwanda, matansu na dariya.

Makon jiya mai unguwa ya aiko ɗan'uwansa, wai mutanen Zariya sun ji daɗin bakan, suna so a sake ba su bana, har da takardar yabo. Ya zauna, muka gaisa, ya sha fura, ya ce, "Malam Sale, kada ka ba mai unguwa kunya. Aro ne fa, kwana goma kacal." Na ce ya gaishe mini da mai unguwa da kyau, ina girmama shi. Amma ya gaya wa mutanen Zariya masara ta fara bunni, bakan Yaya Tanko yana da aiki a gona. Mai son ganin sa ya zo, zan nuna masa yana harbi.