Harshen Baba da Koriyar Fitila

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce, "Ina yaron ga?" In na ci jarrabawa kuwa, ƙanwata yake yi wa madalla, sai ka ce ita ta zauna ta rubuta. Kunyar ɗan fari ke nan. Da ina yaro abin yana ba ni haushi, da na girma ya koma ba ni dariya. Yanzu ba ya ba ni ko ɗaya.

Baba manomin shinkafar rani ne, fadamarsa na bakin kogin Kwara, ƙasa da garin Lolo. Yana da wani tsohon injin gas mai tari kamar ɗan taba, shi ke jawo masa ruwa daga kogi. Da gas ya yi tsada, ya kuma yi wuyar samu a bakin iyaka, sai manoma suka koma wa wanda ake dafawa a tsallake, ƙasar Benin, daga man alayyadi da ragowar man suya. Ranar kasuwa ake ƙetaro da shi cikin jarkoki a kwalekwale. Wani mai kyau ne, inji ya sha ya yi ta rawa. Wani kuwa ba a wanke shi sosai ba, da sauran gilisarin a ciki, irin man nan mai yauƙi da mata ke shafawa a kaushi. Shi ne ke daskarewa ya toshe wa inji hanyar mai.

Baba yana da nasa gwajin. Sai ya tsoma ɗan yatsa a jarka, ya taɓa harshe, ya tofar. Gilisarin zaƙi gare shi, don haka in ya ji zaƙi sai ya yi gaba abinsa, ko mai man zai haɗiyi Alƙur'ani.

Ranar da na fara ganin haka na zo hutu ne, ina karatun digiri na biyu a kan sinadarai, kaina ya cika da ilimi har yana zuba. Raina ya ɓaci, domin na san a cikin man nan akwai gubar da ke iya makantar da mutum. Na faɗa masa, kuma na ɗaga murya fiye da yadda ya kamaci ɗa. Bai dube ni ba. Ya goge yatsa a riga ya ce, "Halshen ga ya girme ka."

Na koma makaranta da wannan maganar a wuya, na shekara biyu ina fama da ita. Abin da na ƙera bai wuce girman waya ba. Ana soka masa ɗan tsinken roba, kamar na'urar gwajin sukari a asibiti, a ɗiga mai a bakinsa. A kan tsinken na shafa wani sinadari da ake tatsowa daga ƙwayoyin halitta. In ya haɗu da gilisarin sai ya ci shi, ya saki ɗan lantarki, jar fitila ta kama. In bai sami abin ci ba, koriya ta kama, wato man lafiya lau. Na yi ta gwada na'urar a ɗakin bincike mai sanyi, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Da na kawo ta gida sai wata matsala ta taso: Baba ba zai zauna gabana in koya masa abu ba. Dole Inna na zaunar a tsakar gida na yi wa bayani, shi kuma yana gefe ya ba mu baya, wai igiya yake tufka, kunnensa kuwa yana wurinmu. Na nuna yadda ake soka tsinke, na nuna ja, na nuna kore, na maimaita har sau uku. Batun zafi kuwa sau ɗaya na faɗe shi, ina cikin ɗaure jakar tafiya. Na ce a riƙa ajiye tsinkayen a gindin randa inda yashi ke da laima, don zafi yana kashe sinadarin.

Wa ya ga Baba ya ajiye abu mai daraja a ƙasa, inda kaji ke tone-tone? A aljihun ƙirji ya sa su, wurin da goronsa ke zama. Da su yake zuwa fadama, da su yake zuwa kasuwa, cikin zafin bazara da ke gasa ƙwai a kan rairayi. An ce mini a rumfar masu mai har taruwa ake yi a kansa. In an tambaye shi ina ya samo, sai ya ce, "Daga makaranta anka kawo." Bai taɓa cewa ɗansa ne ya yi ba.

Ga wautar da na tafka, ni mai digiri. Mataccen tsinke ba ya sakin lantarki, na'urata kuwa in ba ta ji lantarki ba, kore take nunawa. Ban koya mata bambanta mai mai tsabta da tsinken da ya mutu ba. Waɗanda nake ƙerawa yanzu suna da fitila ta uku, rawaya, mai cewa tsinke ya lalace, kada a yarda da ni. Aikin mako guda ne ƙara ta. A lokacin ko a mafarki ban kawo ta ba.

Injin ya tsaya ne daidai lokacin da shinkafa ta yi ciki, lokacin da ko yini biyu ba ta jure ƙishi. Makaniki ya buɗe ya tarar da ƙanzo baƙi ya liƙe famfon mai. Kafin a samo wani famfon daga Birnin Kebbi kwana tara sun wuce, kowa kuma yana ta tasa gonar, babu mai injin aro. Shinkafar ta fitar da kai fari fat, babu ƙwaya.

A waya Inna ta ce mini injin ne ya tsufa, haka Baba ya ce a gaya mini. Na jajanta, sannan na tambayi abin da ya fi damuna. "Inna, na'urar fa?"

"Tana nan. Kullum kore taka nunawa."

Wallahi daɗi na ji. Har a rahoton aikina na rubuta cewa an gwada ta a ƙauye ta yi aiki. Kullum kore, a kasuwar da na san rabin man da ke cikinta gurɓatacce ne, amma ban tsaya na yi tunani ba. Son yabo ya rufe mini ido.

Baba bai ƙara noman rani ba. Ya ba wani ƙanensa fadamar, ya koma zaman ƙofar gida. Na zo sau biyu a wannan shekarar, muka gaisa kamar kullum, yana kallon gefe, bai taɓa tayar da zancen injin ba. Da damina ta tsaya ya yi jinyar kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, Inna ta kira ni ɗaki da hantsi. Ta miƙo mini na'urar a naɗe cikin hankicinsa, tana ƙamshin goro, tare da sauran tsinkaye uku. Ita ma ba ta dube ni ba.

"Ranar da ya sayi man nan, sai da ya ɗanɗana," in ji ta. "Da ya dawo ya ce min ya ji zaƙi."

Na ce, "To don me ya saya?"

"Ya ce mutane sun taru, abin ya nuna kore. Ya ce yaron ga shekara biyu yana wahala, ba ni ƙaryata shi da halshena gaban jama'a."

Na tashi na ɗauko kwalbar gilisarin ɗin da take shafawa a ƙafa, zallansa, babu gauraye. Na soka tsinke ɗaya, na ɗiga, na jira. Koriyar fitila ta kama.

Sauran da ya rage a yatsana na kai harshe. Zaƙi ne kamar zuma, har maƙogwaro. Nan na zauna a ƙasa gaban Inna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.