Kwandalar da Alhaji ya goge da toka

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma mutumin da zan yi magana a kansa kawun matata ne. Sau uku ina farawa ina yagewa.

Bayan an bar kuɗin faran an koma yuro a Faransa, ina tsaron kantin kayan miya a unguwar Guillotière, cikin Lyon. Ni mutum ne mai tsoron jabu, kowace kwandala sai na juya ta kafin in jefa a aljihun tebur. Wata rana wata ta yuro biyu ta tsaya mini a hannu. Rawayan tsakiyarta ya zame ya hau farin zoben, ya cinye taurari biyu, kamar kwanduwar ƙwai ta fashe a kasko. Na faɗa wa mai kanti, na musanya ta da tawa. Na aza ta a sikelin yaji tare da wata lafiyayya, nauyi ɗaya. Na kai mata maganaɗisu, ta ɗan manne kamar sauran. Wani mai sayen kuɓewa ya ce irin wannan kuskuren injin gidan buga kuɗi ne, kuma a Paris akwai masu auna darajarsa. Na naɗe ta a auduga.

A Bobigny na sauka, kusa da Paris, gidan Alhaji, kawun matar tawa. Shi fa babu abin da bai sani ba. Maganin hawan jini, takardun zama, injin mota, duk yana da fatawa a kai. Yana buɗe audugar ya yatsine fuska.

"Haka za ka kai wa Nasara ita, kamar an tono ta a kwata? Ka kunyata mu?"

"Kawu, ni dai ina jin tsoron a taɓa ta."

"Tsoro, kullum tsoro. Shekara nawa na yi ina sayar da azurfa a Damagaram? Hajiya, kawo lemun tsami da tokar turare!"

Ina zaune ya murje ta da babban yatsa, yana ta ba da labarin zobban da ya sayar. Ta yi ƙyalli kamar sabon kwano. Ya miƙo mini yana jiran godiya, kuma na yi godiyar. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Washegari wani tsohon Bature mai kantin tsofaffin kuɗi ya sa gilashi a ido, ya duba bakinta, ya duba taurarin. Ya ce kuskuren na gaske ne, ba aikin guduma ba. Sai ya juyo da gilashin ya nuna mini fuskarta, duk ƙananan zane kamar an ja ta a yashi.

"Wa ya wanke ta?"

Sai ya ce masu tara irin waɗannan kuɗi, fatar da ta fito da ita daga inji suke saye, har da duhunta, kuma an kankare ta. Ya turo mini abata da ɗan yatsa.

Da na faɗa wa Alhaji sai ya ce, "Wayo ne, so yake ya karya kuɗinta." Har yau haka yake ba da labarin a wurin suna.

Baturen ya ce inji in ya kuskure, da wuya ya tsaya a ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin irinta a canji, a Lyon ko Paris, don Allah ya sanar da ni ta wace ƙasa ce, ta wace shekara. So nake in ga yadda tawa take kafin toka. Kada dai ku nuna wa mai azurfa.