Ranar da na wanke soson kifin ɗana

Shekarun baya, tun gwiwoyin nan ba su ƙi ni ba, babu macen da ta kai ni tsabta a layinmu na Yola Gari. Ba yabon kai ba ne, ku je ku tambaya. Randata kullum sai ta sha wanki, gindin tukunyata kuwa mutum zai iya duba fuskarsa. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini, amma a kan wanki ban taɓa neman shawarar kowa ba.

Ɗana na fari ma'aikacin asibiti ne a Jimeta. Da mahaifinsa ya rasu sai ya ɗauko ni ya dawo da ni gidansa a Nassarawo. Kun san al'adarmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a sakar masa fuska. "Kai" nake ce masa, ko "wancan". Haka na gada, haka na riƙe.

Wata rana ya shigo da akwatin gilashi, ya zuba tsakuwa da ruwa, ya saka wani soso da ɗan inji mai hura iska. Babu kifi ko ɗaya a ciki. Amma kullum sai ya barbaɗa abincin kifi, ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani yana duba launi. Sati shida yana wannan abu.

Na ce, "Kai, ruwa kake kiwo? In ya yi ƙiba ka yanka mana."

Ya yi dariya. "Dada, akwai halittun da ido ba ya gani, su nake jira su zauna a soson nan. Kashin kifi dafi ne, su ke cinye shi. In babu su, kifi a cikin gubarsa zai yi iyo."

"To, Allah ya ba ka lafiya," na ce.

Sai bayan nan ya kawo kifaye tara, jajaye, ba su wuce yatsa ba. Soson kuwa ya yi baƙi, yana yauƙi kamar miyar karkashi. Duk sanda na gifta sai in kau da kai.

Ana haka mutanen daji masu bindiga suka shiga Mubi. Jimeta ta cika da masu gudu, ƙafafu a kumbure, kowane gida ya zama masauki. Surukata 'yar Mubi ce, kuma iyayenta ba labari. Kwana uku tana kuka, a na huɗu ɗana ya ɗauki makullin mota, zai je neman su. Ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Dada, ga kifina amana. Abinci kaɗan, sau ɗaya a rana. Canjin ruwa matata ta iya. Soson nan dai, ko ya ya koma, kada a wanke."

Ko ɗaga kai ban yi ba. "Allah ya tsare," na ce, ina tsince shinkafa.

Tun daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Ni kuma sai na ɗaura raina a kan kifayen nan. Da safe in ƙirga su, in sun cika tara in ce wancan yana raye. Surukata kuwa na daina amsa gaisuwarta da kyau, don a zuciyata ita ta tura shi.

Kwana goma sha tara, wani maƙwabci ya ce an ga mai kama da shi wajen Gombi, yana tafe a ƙasa cikin jama'a. Na miƙe na share gida lungu-lungu. Da na zo kan akwatin sai na ce, ɗana ya keto daji ya tarar da wannan ƙazantar a hannuna? Na kwashe kifayen a roba, na dafa ruwa.

Surukata ta fito da gudu. "Dada, don Allah ki bari! Kashi ɗaya cikin huɗu ake ragewa, a ƙara ruwan da ya kwana a bokiti. Soson ma a tsohon ruwan ake ɗan matse shi."

"Ke, ni za ki koya wa wanki? Da kin iya riƙe abu da yanzu yana gida."

Ta koma ɗaki. Na dirje tsakuwa, na dirje gilashi, soson nan na zuba masa tafasasshen ruwa har ya yi fari. Na ɗauraye sau bakwai, na cika da ruwan famfo, na mayar da kifayen. Wallahi ya yi kyau. Na tsaya ina kallon aikina.

Washegari kifayen suna sama, baki buɗe, suna haki. Rana ta uku ruwan ya yi fari-fari kamar an wanke ƙwaryar nono. Ɗaya bayan ɗaya nake tsamo su da ludayi. Ranar da na tsamo na tara, maƙwabcin ya dawo ya ce wanda aka gani ba shi ba ne. Har yau ba mu ga gawa ba, ba mu ga mota ba. Iyayen surukata sun fito ta Kamaru da ransu.

Na san ba kifi ke riƙe da ran mutum ba, kwana ne ya ƙare. Amma abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya, shi ma na ƙi ji, don in nuna masa ƙaunar da bakina ya kasa faɗa.

Bayan wata biyu na shiga ɗakin surukata na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa yaro ba. Na ce, "'Yata, koya mini." Ba ta tuna mini maganar da na yaɓa mata ba. Muka zuba ruwa, ita tana duba launi a kwalba, ni ina barbaɗa abinci. Sati shida ina kiwon ruwa. A gaban akwatin nan da babu komai a ciki na fara kiran sunan ɗana da bakina, yana da shekara arba'in da ɗaya, ba ya nan ya amsa.

Akwatin yana ɗakina har yanzu. Baƙi kan ce, "Dada, ke da tsabtarki, dubi yadda soson nan ya yi baƙi." Sai in ce su sha ruwansu su bar mini shi.